Littafin Rajista Da Ƙuri'a: Tarihin Yaƙi Da Sanƙarau

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙaraye da Rogo ya san lokacin sanƙarau ba sai an gaya masa ba. Idan hunturu ya ja baya, an gama sussuka, rana ta fara ƙuna, iska ta bushe har leɓe yana tsagewa, to, sa'an nan ne ake jin an ce ɗan wane ya kwanta da safe da zazzaɓi da ciwon kai, kafin la'asar wuyansa ya sanƙare, wani lokaci ma kafin gari ya waye an yi masa sutura. Wanda Allah Ya yi wa sauran kwana kuwa, sau da yawa ya kan tashi kurma, ko da wata naƙasa da zai zauna da ita har tsufa. Kakanninmu sun ga wannan, iyayenmu sun gani, mu ma mun gani, ko da yake yanzu an sami sauƙi.

Labarin yadda aka sami wannan sauƙi nake so in ba ku. Amma akwai tambaya guda a gindinsa, wadda sai an fahimce ta za a ji daɗin labarin. In an ba mara lafiya magani ya tashi, ta yaya za a san maganin ne ya yi aiki, ba ciwon ne ya gama kwanakinsa ya tafi ba? Waraka dai ta Allah ce, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma ya kamata mai hankali ya rarrabe sababin gaskiya da na ƙarya.

Masu binciken magani suna da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce hanyar lura. Watau likita ba ya shirya kome, zuba ido ya kan yi ga abin da ke faruwa ga jama'a, ya rubuta wanda ya kamu, da garinsu, da watan da ya kamu, da abin da ya sha, da ko ya tashi ko bai tashi ba. In rubutu ya taru sai a zauna a yi lissafi. Ni da nake malamin ofis na san wannan hanya, don kuwa 'yar'uwar littafin haraji ce da rajistar haihuwa da mutuwa. Ta biyu ita ce gwajin ƙuri'a. A nan sai a tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su kashi biyu da ƙuri'a, a ba kashi ɗaya sabon magani, a ba ɗayan wanda aka saba, sa'an nan a jira a ga bambanci. An daɗe ana gardama a kan wadda ta fi. Bari mu bi tarihi mu ga abin da kowacce ta tsinana mana.

Abin da littafi ya nuna

Annobar sanƙarau ta farko da aka rubuta labarinta a Nijeriya ta Arewa ta auku cikin 1905, lokacin da Zungeru ke hedkwatar mulkin Turawa. Daga nan ta riƙa kai da kawowa, ta yi 'yan shekaru ta lafa, sa'an nan ta sake tasowa. Ta 1949 zuwa 1950 ta kashe dubban mutane a Lardunan Arewa. A zamanin En'e, mai unguwa ke gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta a kai birni, malamin asibiti kuma yana da nasa littafin. Lissafin ba cikakke ba ne, don da yawa sun mutu a ƙauye ba wanda ya rubuta su. Amma da babu gara ba daɗi.

Wani likitan soja Bafaranshe, sunansa Lapeyssonnie, ya tattara irin wannan lissafi na ƙasashe da yawa, ya shimfiɗa shi bisa taswira. Cikin 1963 ya bayyana abin da ya gani: ashe annobar wata doguwar ɗamara ta ƙasa take bi a kudu da hamada, inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Yanzu ƙasashe 26 ake lissafawa cikin wannan ɗamara, tun daga Senegal har Habasha, mu kuwa a tsakiyarta muke. Littattafan sun kuma nuna ta kan fara da rani, ta kai gaɓa da bazara, da ruwan farko ya sauka sai ta mutu, babbarta kuma ta kan dawo bayan shekara 5 zuwa 12.

Cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da abokan aikinsu daga Ingila, irin su Dokta Brian Greenwood, suka ƙara zurfafa lura. A Malumfashi, maƙwabciyarmu ta arewa maso yamma, suka riƙa goge maƙogwaron mutane masu lafiya da auduga suna dubawa. Suka tarar akwai masu ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaro alhali suna harkarsu garau, kuma ƙwayar tana yawo tsakanin mutane da damina kamar yadda take yi da rani. Saboda haka suka yi zaton bushewar iska da ƙura su ke raunana hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. Ba wata ƙuri'a da za ta gano wannan, don ba mai ikon raba wa mutane damina da rani.

Haka kuma maganin farko da ya yi aiki sosai, lura ce ta tabbatar da shi. Da can in sanƙarau ya kama mutum goma, bakwai ko takwas su kan mutu. Cikin 1938 kamfanin May & Baker na Ingila ya fito da ƙwayar nan M&B 693, cikin 1939 aka yi aiki da ita a annobar Sudan, sai ga shi wajen mutum ɗaya ke mutuwa cikin goma. Bambanci irin wannan kamar na dare da rana ne, ko makaho ya shafa ya ji. Da an ce a hana wa rabin marasa lafiya ita don a gwada, da an yi zalunci.

Inda ido ke ruɗin mai shi

To, amma fa ba kullum ne bambanci ke fitowa fili haka ba. A ce wani mai magani ya sauka kasuwar Rogo a ƙarshen watan Afrilu, annoba tana ci, ya sayar wa kowa ƙullin gari ya ce a sha. Bayan mako biyu sai ciwo ya ɗauke. Kowa zai rantse maganinsa ne, alhali kuwa hadari ne ya taso, ruwa ya sauka, ko bai zo ba annobar ta kai ƙarshenta. Ya ci ladan damina.

Ga wani ruɗin kuma. Tsofaffi su kan ce asibiti wurin mutuwa ne, gama sun ga waɗanda aka kai da yawa ba su dawo ba. Abin da suka gani gaskiya ne, fassararsa ce ba daidai ba, don ba a kai mutum sai an ga ya fi ƙarfin gida. Har wa yau ruɗin ya kan juya ta ɗaya fuskar: in asibiti yana da nisa, masu tsananin ciwo su kan cika a hanya, masu ƙarfin jiki su ke isa, sai littafin asibiti ya nuna kusan kowa ya warke. Manomi ya san irin wannan. In ka zuba sabon taki a gefen gonarka na fadama, ka bar gefen jigawa ba taki, dawar fadama ta fi kyau, ba ka san ko takin za ka gode wa ko laima ba.

Malaman da ma sun hangi wannan matsala. Abubakar Arrazi, babban likitan nan da ya shugabanci asibiti a Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya ba da labari cikin littafinsa Alhawi cewa ya sami mutane masu alamun ciwon da ya yi kama da sanƙarau, ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan, don ya kwatanta ya sami ra'ayi tabbatacce. Ya zaci fitar da jinin ya yi amfani, likitocin yanzu kuwa sun san ba ya maganin sanƙarau. Dabararsa ta kwatanta kashi biyu daidai ce. Abin da ya rage shi ne da hannunsa ya zaɓi wanda zai shiga kowane kashi, hannun ɗan Adam kuwa ya kan karkata ko bai yi nufi ba.

Yadda ƙuri'a ta shigo

Ƙuri'a ba baƙuwarmu ba ce. In an raba gado kashi-kashi daidai, a kan jefa ta don kada wani ya ce an yi son kai, kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Amfaninta ga likita shi ne ba ta san kowa ba. In mutane suna da yawa, sai ta watsa masu ƙarfi da raunana, da masu hali da talakawa, da na kusa da na nesa, kusan daidai cikin kashin biyu, har da bambance-bambancen da likita bai san da su ba. In an ga tazara a ƙarshe, ba abin da ya rage a jingina ta gare shi sai maganin.

Gwajin da ya buɗe wa wannan hanya ƙofa an yi shi a Ingila, aka buga sakamakonsa cikin 1948. Sabon maganin tarin fuka ne, sitiraftomaisin, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a lokacin. Wani masanin lissafi, Bradford Hill, ya shirya ambulan a rufe, kowace da hukuncin ƙuri'a a ciki, ko likita bai san abin da ke ciki ba sai an karɓi mara lafiya. Mutum 107 suka shiga. Cikin 55 da aka yi wa allurar, 4 suka mutu cikin wata shida, cikin 52 da aka ba hutun gado kaɗai kuwa, 14 suka mutu. Abin lura shi ne, shi dai wannan Hill ɗin, shi da Dokta Richard Doll, su suka nuna cikin 1950 shan sigari na jawo sankarar huhu, kuma da hanyar lura suka yi, daga 1951 suka bi likitocin Ingila wajen 40,000 shekara da shekaru. Ba yadda za a jefa ƙuri'a a ce wa rabin gari su sha taba shekara talatin. Uban ƙuri'a da kansa bai raina littafi ba.

A ƙasarmu bukatar kwatance ta taso wajen 1970, sa'ad da aka lura ƙwayar sanƙarau ta saba da dangin M&B, ba su kashe ta kamar da. Akwai fenisilin, amma sai an yi ta allura sau da yawa a yini har kwanaki, abin da ba ya yiwuwa in annoba ta cika rumfuna da marasa lafiya, malamin asibiti ɗaya tak. Likitocin Zariya, cikinsu har da Dokta S. S. Wali, suka kwatanta allura guda ta kuloramfenikol mai mai, wadda ke daɗewa a jiki, da fenisilin na kwana biyar, cikin 1979 suka ba da labarin allura gudan ba ta kasa ba. Aka sake gwada ta da ƙuri'a a Mali da Nijar, aka buga cikin 1991, ta zama abin dogaro lokacin annoba. Cikin 2003 kuma, a yankin Maraɗi da Damagaram, aka raba mutum 510 da ƙuri'a tsakaninta da wata allurar, seftiriyazon. A kowane kashi, 9 cikin 100 ne maganin bai yi musu ba bayan kwana uku, watau kunnen doki. Irin wannan hukunci, na cewa magani biyu daidai suke ko ɗaya ya ɗan ɗara, littafin asibiti ba ya iya yanke shi, don ruɗin da muka faɗa ya fi tazarar da ake nema girma.

Allurar rigakafi ma ƙuri'a ta tace ta. A farkon shekarun 1970 an gwada ta farko a Nijeriya, ba ta nuna kariya ba, daga baya aka gane zafi ne ya lalata ta. Da aka gyara, gwaje-gwajen Masar da Sudan da aka buga cikin 1973 suka nuna tana karewa. Da ba a ajiye kashin kwatance ba, da an yi ta yi wa jama'a ruwan banza ana murna.

Abin da ya faru a Kano

Kada mai karatu ya zaci da an ce ƙuri'a shi ke nan an tsira daga laifi. Cikin 1996 aka yi annobar da ba a taɓa rubuta irinta ba a Nijeriya: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka mutu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi seftiriyazon. Yara 11 suka mutu, 5 a kashin Trovan, 6 a ɗaya kashin, wasu kuma suka naƙasa. Iyaye suka yi ƙara, suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musa, ya ce ciwon ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, har cikin 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa ambatawa sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 har Yuli 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi kuwa Trovan, bayan an yarda a sayar da shi ga manya a Amurka, sai rahotannin likitoci suka taru cewa yana lalata hantar wasu, cikin 1999 aka taƙaita shi a can, aka dakatar da shi a Turai. Lahanin da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai ba ya bayyana a gwajin 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai, sai magani ya shiga hannun jama'a ana lura ana rubutawa.

Sa'ad da hanyoyin biyu suka haɗa hannu

Tsohuwar allurar rigakafi ba ta kama ƙananan yara sosai, ƙarfinta kuma ya kan sace bayan 'yan shekaru. Sai aka ƙera sabuwa a Indiya, MenAfriVac, domin jinsin ƙwayar da ake kira A, wanda a wancan lokaci shi ke kawo manyan annobai, kuɗinta a lokacin bai kai rabin dala ba. An gwada ta da ƙuri'a a Mali da Gambiya da Senegal da Indiya, aka auna jinin waɗanda aka yi wa, aka ga ta fi tsohuwar tayar da garkuwar jiki. Amma auna jini daban, hana annoba daban. Cikin Disamba 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi cikin 2011.

Amsa ta fito daga littattafan Cadi. Cikin Disamba 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1 da dubu 800, daga ɗan shekara 1 zuwa 29, a yankuna uku na wajen Injamena, sauran ƙasar kuwa ba a kai gare su ba tukuna. Da bazarar 2012 ta zo, inda ba a yi ba mutum wajen 44 suka kamu cikin kowane 100,000, inda aka yi kuwa ba su kai 3 ba, ragin kashi 94 cikin 100 ke nan. Aka goge maƙogwaro irin na Malumfashi: kafin allura an sami ƙwayar ga mutum 32 cikin 4,278, bayanta ga mutum 1 cikin 5,001. Ba ƙuri'a ce ta zaɓi yankunan ba, amma tazarar ta yi girman da ba za a ce sa'a ce ba, kamar dai labarin M&B.

Littafi ne kuma ya yi kururuwa da wani jinsin, C, ya ɗaga kai a Sakkwato da Kebbi daga 2013. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya kama fiye da mutum 14,000, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, fiye da 1,100 suka mutu. Aka sake komawa ga ƙuri'a a Mali da Gambiya da wata allura mai kare jinsi biyar, cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa jama'arta ita.

To, 'yan'uwa, kun ga gardamar wace ce ta fi kamar gardamar fartanya ce da lauje, kowanne da ranarsa. In ana neman sanin inda ciwo yake, da lokacinsa, da abin da ke jawo shi, da lahanin magani wanda ba ya fitowa sai an daɗe, littafi za a tambaya. In kuwa magani biyu ne ake so a san wanda ya ɗara, kuma tazarar ba ta da yawa, a nan kada a amince wa ido, a jefa ƙuri'a.

Mu talakawa muna da rabo cikin aikin nan. Lissafin Lapeyssonnie daga bakin masu unguwa ya faro, saboda haka in an ga mai zazzaɓi da sanƙararren wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, a gaggauta kai shi asibiti a ranar, kada a ɓoye, don a yi masa magani a kuma rubuta shi, ko rubutun ya ceci 'ya'yan maƙwabta. In kuwa wata rana masu bincike suka zo garinku neman yara ko manya, kada ku gudu, kada kuma ku dangwala hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku tambaye su da Hausa: wane magani ne, wa ya ba su izini, me za a ba ɗaya kashin, wa zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. Kuna da ikon ku ƙi, ƙin kuwa ba zai hana a yi wa ɗanku maganin da aka saba ba. Wanda ya iya karatu shi ya kamata ya tsaya wa waɗanda ba su iya ba a irin wannan rana.

Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya ji ƙan waɗanda ta ɗauka, amin.